Yawon babur na yini ɗaya daga Zariya: wace hanya za mu bi, wane shiri za mu yi?

Ɗan Hayin Dogo:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Mu shida ne abokai, duk a Samaru da Hayin Dogo muke zaune. Muna son mu ware wata Asabar cikin watan Nuwamba mu fita da babura mu zaga ƙauyuka, mu ga gonaki lokacin kaka, mu ci abinci a hanya, mu dawo gida a ranar. Baburan huɗu ne: Boxer 100 guda biyu, TVS HLX 125 guda ɗaya, sai roba-roba ɗaya. Ka ga ke nan biyu za su yi goyo. Tuƙin cikin gari duk mun iya, amma hanyar burji ba mu saba da ita ba.

Don Allah masu sani ku taimaka mana. Wane ɓangare ya fi dacewa mu nufa? Kilomita nawa za a iya yi a yini ba tare da dare ya same mu ba? Me za mu duba a jikin baburan, kuma me za mu riƙe a jaka? Allah ya saka da alheri.

Malam na Ƙofar Doka:

Wa alaikumus salam ɗana. Zan fara da abin da ba ka tambaya ba, domin shi ne kan gaba. Babura huɗu a jere, wasu da goyo, sun tayar da ƙura sun nufo ƙauye, ku a wurinku yawon buɗe ido ne, amma mutumin da ke cikin gona wani abu daban zai fara zuwa masa a rai. Da ayarin babura 'yan bindiga ke shiga gari, kowa ya san haka. Saboda wannan matsala ce ma a ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta hana hawa babur na wata uku, aka kuma hana sayar da fetur a jarka a wasu ƙananan hukumomi irin su Giwa da Birnin Gwari. Mutanen karkara ba su manta ba, 'yan sa-kai ma haka. To duk tsarin tafiyarku ya zama na mutanen da ke son a gane su tun daga nesa.

Kada kowa ya naɗe fuska da rawani ko ƙyalle. Na san ƙura ce za ta sa ku so yin haka, amma hular kwano mai gilashi ta wadatar, in kun zo shiga gari ku ɗaga gilashin a ga fuska. Kada a hau mutum uku a babur ɗaya. Kada ku sa kaya masu kama da kaki. Ku rage gudu tun kafin gidajen farko, in kun ga dattawa a gindin bishiya ɗaya daga cikinku ya sauka, ya kashe babur, ya yi sallama, ya faɗi daga inda kuke da inda za ku. Minti biyu ne, amma labarinku zai riga ku isa ƙauye na gaba da kyakkyawan suna. In kuna son ku zauna ku huta a wani ƙauye, ku nemi mai unguwa ku gaishe shi tukuna. Hoto kuma sai da izini, musamman inda mata suke, ko rugar Fulani, ko wurin binciken jami'an tsaro.

Batun hanya. Yamma, wato bayan Shika zuwa cikin ƙasar Giwa da abin da ya yi Birnin Gwari, ku cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Saura hanya uku.

Ta arewa, hanyar Hunƙuyi, ita ce mafi kusa da ku, ba ta kai kilomita 30 ba. Titin ya zarce har Danja a jihar Katsina, amma ku ba sai kun kai can ba. Ƙasar Kudan, inda Hunƙuyi take, ƙasar fadama ce, akwai rake, akwai tumatir da barkono na noman rani, ga kuma gonakin inabi da yankin ya yi suna da su a 'yan shekarun nan. Ga masu fitar farko wannan na fi so.

Ta biyu ku bi ta Kwangila ku hau titin Kano, ku karya a Tashar Yari ku shiga Maƙarfi, kilomita 40 da 'yan kai. Can ne gidan rake da mazarƙwaila. Aibinta babban titin ne: tireloli da motocin haya suna sheƙa gudu, ga masu biyo hannun da ba nasu ba. In ita kuka zaɓa, ku bi gefen dama a layi ɗaya, kada biyu su jera suna hira.

Ta uku gabas, ta Dakace ku haye gadar Galma ku wuce Maigana zuwa Soba, ita ma kilomita 40 da wani abu. Akwai ƙananan hanyoyin burji da ke sauka zuwa fadamar Galma, amma ba a shiga su sai da ɗan gari.

Wanda yake son abu kaɗan kuma, Dutsen Kufena na nan bayan Wusasa, a hanci. Tarihin baka ya nuna nan Bakwa Turunku ya mayar da mazaunin sarautar Zazzau bayan barin Turunku. Za ku iya gwada baburanku can mako ɗaya kafin babbar fitar.

Duk wadda kuka ɗauka, ranar Juma'a da yamma ku je tashar da motocin wurin ke lodi ku tambayi direbobi da 'yan acaɓa halin da hanya ke ciki. Labarin makon jiya ba ya aiki a wannan zamani. Jimillar tafiya zuwa da dawowa kada ta wuce kilomita 100 zuwa 120. A kwalta za ku yi 50 zuwa 60 a awa, a burji kuwa 25 zuwa 30 ne in an haɗa da tsaye-tsaye. A Nuwamba rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6:00, saboda haka ku fita 7:30 na safe, ku yi azahar a wuri mafi nisa, ƙarfe 2:30 ku juyo ko kun gama gani ko ba ku gama ba. Ragowar lokacin na faci ne da abin da ba a zata ba. Ku bar wa wani a gida sunayen garuruwan da za ku bi da lokacin dawowa. Kowa ya riƙe katin shaida, takardun babur, da lasisi, na babur rukunin A ne.

Bakaniken Sabon Gari:

Malam ya gama magana kan hanya, Allah ya ƙara girma. Ni bari in shiga ƙarfen.

Ƙanena, ku kai baburan gyara kwana biyu ko uku kafin tafiya, ba daren tafiya ba. Duk notin da aka manta ba a ɗaure ba, ko wayar da aka mayar a karkace, gara ta nuna kanta a cikin gari.

A fara da baƙin mai. A kafe babur a kan babban sitan a wuri mai daidai, a bar inji ya huce minti biyar, a zaro ma'aunin a goge, a mayar a sake dubawa. In man ya yi kilomita 1,500 zuwa 2,000 a wannan ƙurar tamu, a juye shi kawai. Waɗannan ƙananan injuna abin da suke sha bai wuce lita 1 ba, wasu ma ƙasa da haka, 20W-50. A sayi na babur mai alamar 4T a jikin robar, a rufe da hatiminsa. Wani man mota yana da sinadarin da ke sa kuloci santsi, tunda a babur kuloci cikin man yake wanka. Sai ka ja totur inji na ihu babur ba ya gaba. Kada kuma a cika shi ya wuce layin sama, yana tsartuwa ya jiƙa iyakilina, wato matatar iskar inji.

Iyakilina shi ne abin da mutane suka fi mantawa, alhali a burji shi ne ran injin. In na soso ne, a wanke da kananzir, a matse shi a tafin hannu ba murɗewa ba don kada ya yage, ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a sake matsewa har ya zama danshi kawai. In na takarda ne ba a wanke shi, ba a sa masa mai, kakkaɓewa ake yi ko a canza. A duba robar da ta haɗa shi da kafireta. In ta tsage, ƙura za ta bi ta nan kai tsaye ta cinye zoben fistan, bayan 'yan makonni ka ga babur na hayaƙi.

Fulogi: a kwance a kalli bakinsa. Ruwan ƙasa-ƙasa lafiya lau. Baƙi mai gawayi, mai ya fi iska yawa, galibi iyakilina ne ya toshe ko an bar cok a buɗe. Fari fat kuwa iska ta yi yawa, inji zai riƙa zafi, wannan sai an nemo inda take shiga. Tazarar bakin tsakanin milimita 0.6 da 0.8 take, gwargwadon babur. Kowane babur ya tafi da sabon fulogi irin nasa, a gwada shi tun a gida a tabbatar yana kawo wuta.

Sai cen. Boxer tana da murfin cen, akwai 'yar ƙofa ta roba a jikinsa, a buɗe a taɓa da yatsa. Wasan da ake so a tsakiya milimita 25 zuwa 30 ne sama da ƙasa. A juya taya a gwada wuri uku ko huɗu, domin tsohon cen wani wuri ya fi wani tauri, kuma a wuri mafi tauri ake saiti. In ya yi sako-sako zai faɗi a gargada, wani lokaci ya naɗe ya kulle tayar baya. In ya yi tsam-tsam kuma, da an ɗora goyo shokazoba ta nutse sai ya ƙara ɗamewa, ya ci haƙoran siforoket ko ya tsinke. Wajen saiti a sassauta babban notin ƙafar baya, a ja notin saiti na hagu da na dama daidai wa daida ana kallon zanen da ke jikin ƙarfen, a ɗaure, sannan a sake saita birkin baya domin jan taya yana canza shi. A sa wa cen ɗin man giya lamba 90. A riƙe mahaɗin cen guda ɗaya na ajiya, a duba lambar da ke jikin cen ɗin, 420 ne ko 428, kada a sayi wanda ba zai shiga ba. Ɗan makullin mahaɗin, rufaffen kansa ne ke kallon inda cen ke tafiya. In aka juya shi, zai iya saɓulewa.

Birkin baya ya yi wasan milimita 20 zuwa 30 kafin ya kama. In an ɗaure notin har ƙarshe bai kama ba, takalmin birkin ya cinye, a canza. Wayar kuloci da ta totur a duba su daidai inda suke shiga hannu, nan suke fara tsintsinkewa. Silin waya ɗaya ya tashi, a canza ta. A riƙe wayar kuloci ɗaya a jaka, ba ta da nauyi.

Iskar taya, a ma'aunin psi na geji: gaba 25, baya 28 in mutum ɗaya ne, 32 in da goyo, a auna da safe kafin taya ta yi zafi. A sa mai faci ya auna da geji, ba bugawa da sifana ba. Tayar da ta suɗe ko gefenta ya tsattsage kada ta je wannan tafiya. A bi wayoyin rim da sifana ana ƙwanƙwasawa, wadda ta yi ƙara a dakushe ta saki, a ɗaure ta.

Mai kuma a yi lissafi da kilomita 35 zuwa 40 a kowace lita, saboda goyo da ƙananan giya. Tafiyar kilomita 120 ba za ta ci fiye da lita 3 da rabi ba. Tankin Boxer wajen lita 11 ne, na HLX ma kusan haka, in kun cika a gidan mai a Zariya kun gama da wannan. Roba-roba ce abin lura, tankinta lita 4 ne ko ƙasa, ita dole a ƙara mata a hanya. A ƙara a gidan mai a Hunƙuyi ko Maƙarfi ko Soba. Man 'yan bumburutu na kwalba sai in babu yadda za a yi, shi ma a tace da ƙyalle mai tsabta, domin ruwa da datti daga nan suke shiga kafireta.

Jakar kayan aiki ɗaya ta ishe ku duka: sifana 8, 10, 12, 14, 17 da wadda ta dace da notin ƙafar kowane babur (ku gwada a gida, ba duka ne girmansu ɗaya ba), sifanar fulogi, filaya, sukundireba mai baki biyu, liba biyu ta cire taya, famfon hannu, gam da faci da samfefa, tub na gaba da na baya, waya ta ɗauri, salatif, fis, tocila, da igiya mai ƙarfi kamar mita 4. Boxer 100 tana amfani da 2.75-17 a gaba, 3.00-17 a baya. In ta ɓaci tub ɗin gaba zai kai ku gida a tayar baya.

Tsohon Ɗan Acaɓa:

Oga bakanike ya faɗi gaskiya, ba abin da zan cire. Abu ɗaya zan ɗan saɓa masa, iskar taya. 28 a baya daidai ne a kwalta, amma wanda ba shi da goyo in ya sauka burji mai tsakuwa ya rage kamar 2 ko 3, babur zai fi zama a ƙasa, ya daina tsalle. Mai goyo kam kada ya taɓa tasa, in ta yi laushi ya daki dutse rim zai cije tub ya yi masa huda biyu a jere, irin wadda faci ba ya riƙewa da kyau. In an dawo kwalta a mayar da iskar.

Ku tsara jeri tun daga gida. Wanda ya san hanya a gaba, mai roba-roba na biyu don tafiyar kowa ta zama daidai ƙarfinta, masu goyo a tsakiya ko baya, jakar kayan aiki a babur na ƙarshe. In tana gaba, wanda ya lalace a baya ba shi da komai. A kowace mararraba kowa ya tsaya sai ya ga na bayansa ya ga inda aka karya, sannan ya wuce. Wannan ya fi waya, domin akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa. Fitila a kunne ko da rana. A kwalta ku bar tazarar daƙiƙa 3 tsakaninku. A burji kuwa ƙa'idar ita ce kada ka shiga ƙurar na gabanka, ka ja baya har sai kana ganin ƙasa, tunda rami da dutse cikin ƙurar suke ɓuya.

Yashi shi ke kayar da 'yan birni. Da ka hango shi ka rage gudu tun a ƙasa mai tauri, ka sa giya ta biyu, ka ja jikinka baya kaɗan, ka riƙe totur a wuri ɗaya kada ka saki. Kan babur zai riƙa rawa, ka ƙyale shi, kada ka ƙanƙame hannu kana kokawa da shi. Idonka ya kalli inda yashin ya ƙare, ba gaban taya ba. Birkin gaba a cikin yashi faɗuwa ne nan take. In ya yi zurfi, na baya ya sauka ya taka, ba abin kunya ba ne. A kwanar da ke da tsakuwa ma haka, a gama taka birki kafin a shiga, a shiga a hankali ba tare da kwantar da babur ba. Gangara kuma da giya ake saukarta, kada a matse kuloci a bar babur ya sulale.

A Nuwamba ruwa ya ɗauke amma ƙoramu ba su gama ƙafewa ba, kuma damina ta bar zaizaya. Ka kula da bakin kwalbati, sau da yawa ruwa ya cinye gefensa, ciyawa ta rufe ramin. Tsakiya ake bi. In za ku haye ruwa, wani ya sauka ya shiga da sanda ya ji zurfi da irin ƙasan. In ya wuce tsakiyar ƙafar babur, ko yana ja da ƙarfi, ku nemi inda mutanen gari ke bi. Giya ta ɗaya, totur a tsaye, ɗaya bayan ɗaya. Da kun fita ku yi ta taka birki a hankali kuna tafiya kamar mita 100, saboda birkin ganga in ya jiƙe ba ya kamawa sai ya bushe.

Lokacin kaka manoma na shanya masara da shinkafa da barkono a gefen kwalta, suna jera duwatsu don kare shanyar. Kada ku taka, haƙƙin mutane ne, kuma hatsi a ƙarƙashin taya santsi ne. Amalanken shanu da ya yi lodin kara ya fi faɗin yadda kake zato, ba shi da fitila. In garken shanu na tsallaka hanya ku tsaya nesa, kada a yi hon, kada a ja totur, a jira makiyayi ya gama. Akuya in ta tsallaka, 'ya'yanta na biye. Cikin gonar da aka girbe kuma kada a shiga da babur, tushiyar dawa da aka sare a karkace tana huda taya, ga ƙayar bagaruwa a bakin burtali.

Sutura: takalmi rufaffe, ba silifas ba. Babbar riga ko doguwar jallabiya a tattare ta a zauna a kai, in ta shiga cen ko wayoyin rim ba ta da daɗin faɗi. Hular kwano ga direba da na baya, da igiyarta a ɗaure. Tun 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta fara tilasta ta, amma ku don kanku za ku sa.

Ɗan Hayin Dogo:

Madalla, Allah ya saka wa iyayenmu da yayyenmu. Mun tsayar da Hunƙuyi. Oga bakanike, abu biyu suka rage mini: ba wanda ya taɓa yin faci da hannunsa a cikinmu, sannan in babur ya mutu a tsakiyar ruwa me ake yi?

Bakaniken Sabon Gari:

Na ruwan shi ya fi haɗari ga inji, bari in fara da shi. In ya mutu a cikin ruwa kada ka buga kik, kada ka danna sitata. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, in ya shiga silinda ka tilasta fistan, sandarsa ce za ta lanƙwashe, an shiga babban aiki. A turo shi waje. A rufe makunnin mai. A cire fulogi, a kashe makulli, a buga kik sau goma ko fiye, in akwai ruwa za ka ga yana fesowa ta ramin. A buɗe iyakilina a zubar da ruwan akwatin, a matse soson. A ƙasan kafireta akwai ɗan sukuru, a sassauta shi abin da ke ciki ya zube, a buɗe mai ya ɗan bi ta nan, a ɗaure. A ɗaga gaban babur ruwan salansa ya fita. A goge hular fulogi ta bushe, a sa sabon fulogi, sannan a tayar. Bayan ya yi minti biyu a kashe a duba baƙin mai. In ya koma fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, a lallaɓa a hankali zuwa bakanike mafi kusa a juye, kada a ce sai an dawo Zariya.

Wannan sukurun na kafireta shi ne kuma maganin babur da ke shaƙewa yana tari bayan an sha man kwalba.

Faci kuwa ku je wurin mai faci na unguwarku cikin makon nan, ku biya shi ya bar ɗayanku ya cire taya ya mayar a gabansa. Karatu ba ya koya wa hannu wannan. Amma ga inda ake kuskure. Bayan an zaro tub, a bi cikin taya da ƙyalle a nemo ƙayar ko ƙusar a cire, in ba haka ba sabon tub ma zai huje kafin ku yi nisa. A hura tub a nemo hudar da ruwa ko yawu, a kankare kewayenta da samfefa ya fi facin faɗi, a shafa gam siriri, a jira minti 3 zuwa 5 har ya daina sheƙi. Gaggawar manna faci a kan ɗanyen gam ita ce ke sa ya ɗago. A danne da ƙarfi daga tsakiya zuwa baki. Kafin a mayar, a ɗan hura tub ya yi siffa don kada ya naɗe, a fara sa bawul, a mayar da bakin taya da hannu iya iyawa, liba sai a ƙarshe kuma kada a zurfafa ta, nan ake cije tub. A hanya dai sa sabon tub ya fi sauri, a yi wa tsohon faci lokacin hutu. In tayar baya ce, ka jera notuna da washa a kan ƙyalle yadda ka ciro su, kuma kada ka manta da sandar da ke riƙe farantin birki da ɗan filinta.

In gyara ya ƙi, ja da igiya sai a burji a hankali, kuma wanda ake ja kada ya ƙulla ta a babur. Ya naɗa sau ɗaya a tsakiyar kan babur ya danne bakinta da hannu, yadda zai iya saki in abu ya taso.

Anti Nas, Tudun Wada:

Sannunku. Ƙannena, ga nawa ɓangaren. Kowa ya riƙe ruwa lita 2 zuwa 3, a riƙa sha a duk tsayawa ko ba a jin ƙishi, iskar babur na busar da gumi mutum bai sani ba, sai ciwon kai da jiri. Ku sa ƙullin gishiri da sukari na ORS guda huɗu a jaka, ana kaɗa ɗaya a lita 1 ta ruwa. Ku karya kumallo kafin ku fita. Kada wanda zai tuƙa ya sha maganin mura mai sa barci, balle ƙwayoyin da ake cewa suna hana gajiya.

A jakar magani a sa bandeji, gauz, filasta, aidin, safar hannu, almakashi da farasitamol. Ƙujewa a burji ana wanke ta da ruwa mai tsabta da yawa har ƙasar ta fita, sannan aidin, sannan a rufe. Don Allah kada a zuba man birki ko fetur ko ƙasa a ciwo, suna ƙona nama ne su jawo ruɓa. Ƙunar salansa, wadda ta fi samun na baya a ƙwauri, a yi ta zuba mata ruwa mai sanyi minti 20, kada a shafa man goge baki ko baƙin mai, kada a fasa ƙurjin. Jini in yana zuba a danne da gauz minti 10 ba ɗagawa ana leƙe. Ciwon da ƙasa ta shiga yana buƙatar a je a duba batun allurar tetanus a ranar.

Wanda ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko hannu da ƙafa sun yi masa sanyi ba ya jin su, kada a ɗaga shi zaune, kada a fizge hular kwanon in dai yana numfashi, kuma kada a ɗora shi a babur. A riƙe kansa daidai da jikinsa a nemo mota. Wanda ya bugu a ka ya suma ko na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko yana maimaita tambaya ɗaya, asibiti kai tsaye ko ya ce ya warke. Karaya a ɗaure ta yadda take da sanda biyu da ƙyalle, kada a ja. Lokacin girbi macizai na yawo a ciyawa da ƙarƙashin tarin kara, ku duba kafin ku zauna. In tsautsayi ya faɗa kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau, a hana ƙafar motsi a tafi asibiti. Lambar gaggawa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗurra 122. Babban rauni na kai ko ƙashi asibitin koyarwa na Shika za a nufa, kuma daga hanyar Hunƙuyi ba shi da nisa. Kowa ya rubuta lambar wani nasa a takarda ya sa a aljihun gaba, saboda waya na iya fashewa ko ta kasance a kulle.